Gurjiyar Malam Zainu

"Rufe idonka, Tukur. Jakar ba za ta gudu ba."

Aji ya kwashe da dariya. Tukur ya runtse ido, ya cusa hannu cikin 'yar jakar saƙin da ke kan teburinsa, ya lalubo ƙwayar gurjiya ɗaya ya ɗaga sama.

"Fara!" in ji na kusa da shi.

"Mace ke nan. Allah ya raya," in ji Malam Zainu, yana ja wa allo layi da alli. "Mayar da ita, ka girgiza, ka sake cirowa."

Shekara biyar ke nan da samun mulkin kai, makarantar kuwa ba ta ma kai haka ba. Azuzuwa ne 'yan kaɗan masu rufin kwano a gefen hanyar da ta tashi daga Makarfi zuwa Ikara, sai tuta a tsakar fili, sai ɗakunan kwanan ɗalibai. Malam Zainulabidin, wanda kowa ke kira Malam Zainu, shi ke koyar da lissafi. Ɗan gidan malamai ne na Kudan. A zauren mahaifinsa ya fara son lissafi, wajen sauraron yadda ake rabon gado, kafin a kai shi kwaleji a Zariya. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kullum gefen rigarsa da farin alli. Sauran malamai littafi suke shigowa da shi aji. Shi kuwa yau ƙwarya, gobe igiya, jibi buhu.

Ranar nan da gurjiya ya zo. Ya ba kowane ɗalibi jaka, a ciki fara goma, ja goma. Ya ce darasin yau sunansa lissafin yiwuwa, amma kada kowa ya buɗe littafi tukuna. Fara mace ce, ja namiji. Wanda ya ciro sau huɗu, ya haifi 'ya'ya huɗu, ya yi gida guda. Kowa ya yi gida biyar.

Nan da nan ajin ya koma kamar kasuwar hatsi. Jakunkuna na kacau-kacau, wani na ihun ya samu magaji, wani na dafe kai wai gidansa ya cika da masu talla. Da aka gama, Malam Zainu ya bi gida-gida yana tambaya yana zanawa a allo. Gidaje ɗari da sittin suka fito. Mafi yawa a gauraye suke. Sha ɗaya mata ne zalla. Tara maza zalla.

"Masu mata zalla, ku miƙe," in ji shi. Suka miƙe, har da Tukur. "Me kuka yi wa jakar? Kun zage ta ne? Ko hannunku ne ba shi da albarka?"

"Ba mu yi komai ba, Malam."

"To haka ne. A cikin gida sha shida, a sa ran ɗaya zai zo da mata huɗu a jere, ba da laifin kowa ba. Yanzu ku sake cirowa, haihuwa ta biyar."

Suka ciro. Shida ja, biyar fara.

"Jaka ba ta tuna abin da ta bayar jiya," in ji Malam Zainu. Sai ya juya ya ɗauko butar alwalarsa, ya naɗa tsumman goge allo a ka kamar rawani, ya maƙale murya. "Ina masu neman ɗa namiji? Ga magani daga bayan dutse! Kowa ya kawo akuya. In aka haifi mace, in mayar maka da abinka."

Ɗalibai suka yi layi suna dariya, kowa ya ajiye fensirinsa a matsayin akuya, ya kurɓi ruwan buta, ya ciro gurjiya. Waɗanda suka ciro fara, Malam ya mayar musu da fensiransu har da ba su haƙuri. Da layin ya ƙare, ya ɗaga damin fensiran da suka rage a hannunsa, kusan rabin na ajin.

"Ruwan rijiya na sayar muku. Ban yi wa kowa ƙarya a kan mayarwa ba. Ga garkena."

Aka yi ta tafi, wasu har da buga tebur. Tukur kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye da fensirinsa da aka mayar masa.

* * *

Tukur bai san mahaifiyarsa ba. Yayarsa Zulai ce ta goya shi, ita ta yi ta dakau tana saƙa faifai har ya gama firamare. Yanzu tana aure a Taba, gidan Lado, manomin rake. 'Ya'yanta huɗu, duk mata, ga ciki na biyar ya fito. A hutun da ya wuce ya same ta ta rame, idanunta sun faɗa, ba ta iya riƙe ko kunu a cikinta. Kullum da safe sai ta toshe hanci ta shanye moɗa guda ta wani baƙin jiƙo mai warin tsatsa. Lado ne ya karɓo shi a kasuwar Makarfi wurin wani mai magani da ake kira Mai Gora, ya ba da akuya. Kuma ya faɗa a gaban 'yan'uwansa cewa in aka sake mace, Zulai ta san hanyar gidansu.

Bayan an tashi, Tukur ya tsaya har kowa ya fita. Malam Zainu na tsugune yana tsince gurjiyar da ta zube.

"Allah gafarta Malam, wannan mai maganin da ka kwaikwaya, ka san shi ne?"

"Ban san shi ba. Amma kowace kasuwa da irinsa. Me ya faru?"

Tukur ya faɗa masa komai. Malam ya saurara bai katse shi ba, har ya gama. Sannan ya ɗaure bakin jakar da ke hannunsa a hankali.

"Ni na ɗauka wasa na shirya muku," in ji shi. "Ashe gidan wani na shiga ban yi sallama ba. Ranar Asabar ba karatu. Kekena zai ɗauke mu mu biyu."

* * *

Sun isa Taba da hantsi. Lokacin matsar rake ne, tun daga nesa ake jin ƙamshin ruwan rake yana tafasa. A bayan gari suka sami Lado, doki na zagaya injin matsa, shi kuma yana cusa sandunan rake tsakanin ƙarafa. Maza biyar ko shida na zaune a inuwa suna jiran mazarƙwaila ta daskare.

Aka yi gaisuwa mai tsawo: gajiya, iyali, aiki, labarin Kudan, lafiyar tsoho. Da suka ji ɗan gidan wane ne, aka shimfiɗa masa buzu, aka fere masa rake. Sai da ya sha gaɓa biyu sannan ya ce ya zo da wani abu ne da yake so dattawa su gani.

Tukur bai tsaya ba. Malam ya riga ya ba shi jaka ɗaya, ya ce, "Ni iyakata zaure. Cikin gida naka ne."

Ya sami Zulai a gindin rumbu, ta jingina da bango, babbar 'yarta Bilki na yi mata fifita.

"Ɗan boko, an sako ku?" Ta yi murmushi, leɓunanta duk sun tsage. "Bilki, ɗebo wa kawunki ruwa."

"Yaya, wasa na kawo muku."

Ya zazzage gurjiyar a faifai, suka ga fara da ja daidai wa daida, ya mayar. Yaran suka kewaye shi. Ya nuna musu yadda ake yi. Bilki ta haifi maza uku da mace, ta yi ta tsalle. Ƙaramarsu ta jefa tata a baki, sai da aka ƙwaƙulo. Zulai na kallo kawai, har Tukur ya miƙa mata jakar.

Ta ciro ja. Ta ciro fara. Ta yi gida, ta sake wani, ta sake wani. Hannunta ya saba da tsintar hatsi, ba ta ɓata lokaci. A wani gidan sai ga fara, fara, fara, fara. Ta tsaya, ta jera su a zuciyarta, ta dubi 'ya'yanta.

"Wannan gidana ne," in ji ta a hankali.

"Me kika yi wa jakar, Yaya?"

"Me kuwa zan yi mata? Hannu na sa, abin da ya zo shi na ɗauko." Ta dubi tafin hannunta. "Kuma hannun nan dai shi ya ciro maza ɗazu."

Ya ba ta labarin buta da fensira. Bai kai ƙarshe ba ta riga shi.

"Wato shi ba ya asara. In namiji ne, aikinsa ne. In mace ce, akuyar ma ba lallai ya mayar ba, sai ya ce matar ce ta karya sharaɗi." Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Sharaɗi bakwai ya ba ni, Tukur. Har da kada inuwar tabarya ta taɓa ni. Wace mace ce za ta wuni a gida inuwar tabarya ba ta taɓa ta ba?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da gorar maganin a ƙarƙashin mayafi. Ta zaga bayan rumbu. Tukur ya ji ƙarar ruwa na zuba a ƙasa. Da ta dawo ta ba Bilki gorar.

"Cika ta da ruwan randa, ki jefa bawon rake ya yi launi. Babanki kuma ba sai ya ji ba."

A waje kuwa magana ta yi zafi. Tukur ya tarar an baza gurjiya a kan buzu, wani dattijo mai suna Jumare riƙe da jaka, Lado ya bar injin yana tsaye, hannuwansa a ƙugu.

"Malam, da girmanka da na gidanku," in ji Lado, "wannan ai caca ce kake koya wa yara."

"Caca ita ce mutum ya zuba dukiyarsa a kan abin da bai sani ba, wani ya kwashe," in ji Malam Zainu. "Ni ban karɓi ko anini ba, Malam Lado. Wa ya karɓi akuya?"

Doki ya tsaya da kansa, yana kaɗa jela.

"Ni dai ya karɓi tawa bara waccan," in ji Jumare. "Mace aka haifa. Ya ce mai ɗakina ta ci gishiri ranar Laraba."

"Ni kuwa namiji na samu," in ji wani.

"Duka biyun gaskiya kuka faɗa," in ji Malam. "Da ba ku sha ba ma, haka za a samu, wani namiji wani mace. Allah ne mai rabawa, kuma bai ba wani ɗan kasuwa mabuɗin rumbunsa ba. Abin da ya kawo ni, an ce mai ɗakinka ba ta iya cin abinci. Mai juna biyu da ba ta ci, rai biyu ne a kan siraɗi. A kai ta asibitin Makarfi a duba ta."

Lado ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka.

"Malam, kai ba ka san abin da nake ji ba. Fadamar nan kakana ya sare ta. In na faɗi yau, wa zai kama linzamin dokin nan? A majalisa in na yi magana, sai a ce uban 'yan mata ya yi shiru. To kai da ka yi karatu, faɗa mini. Me za ta haifa?"

Tukur ya zuba wa malaminsa ido. A ransa yana roƙo: ka ce mace, ka ce maganin ne zai jawo, ka tsorata shi.

"Ban sani ba," in ji Malam Zainu.

"Ba ka sani ba?"

"Wallahi ban sani ba. Zai iya zama namiji, zai iya zama mace."

Lado ya tafa hannu, ya juya wurin mutanen. "Kun ji. Shi bai sani ba. Mai Gora kuwa ya sani." Aka yi dariya, ya koma ya daki gindin doki, injin ya ci gaba da kuka.

A hanyar komawa, da suka sauka tura keke a wani yashi, Tukur ya juyo wurin malaminsa.

"Malam, da ka ce masa mace ce, da ya ji tsoro."

"In kuma aka haifi namiji fa?"

"Ai da dai ka gwada."

"Da na zama Mai Gora mai alli." Malam ya share gumi da hannun riga. "Tukur, abin da na fi shi ɗaya ne tak. In ban sani ba, ina cewa ban sani ba. In na sayar da wannan, me zan shigo da shi aji ranar Litinin? Kuma ka shirya zuciyarka. Mutumin nan yana cin rabi. Zai iya cin wannan."

* * *

Ya ci kuwa.

Kafin wata ya zagayo Zulai ta murmure. Abinci ya zauna mata, ta koma daka da kanta, kullum da safe tana shan moɗar ruwan bawon rake a gaban mijinta tana yatsina fuska. Da damina ta faɗi, ta haifi namiji, ƙato, mai kuka kamar ɗan akuya.

Ranar suna Taba ta cika. Lado ya yanka rago biyu, abin da bai yi wa ko ɗaya daga cikin 'yan matan ba. Na uku kuma, fari mai ƙaho, an ɗaure shi a ƙofar gida da sabuwar igiya. Na Mai Gora ne, wanda ya zo da kansa cikin babbar riga, yaransa biyu ɗauke da goruna. Kafin a shafa fatiha har ya sayar da rabinsu.

Tukur bai zaci Malam Zainu zai zo ba. Sai ga shi a kan keke, da ƙullin goro da 'yar rigar jariri. Ya gaisa da kowa, ya zauna a gefen tabarma.

"A'a, Malam Ban-sani-ba!" in ji wani daga baya. "Yau dai ka sani?"

Aka yi dariya. Malam ma ya yi murmushi.

"Yau na sani. Namiji ne, Allah ya raya shi, ya sa mahaifiyarsa ta ci moriyarsa. Yaya jikin nata?"

"Garau," in ji Lado, yana washe baki. "Magani ya yi aiki."

"Alhamdu lillahi da ta tashi lafiya. Shi na zo ji."

Tukur ya ji kamar ya tashi ya fasa gorunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya matso kusa da malaminsa, ya yi ƙasa da murya. "Malam, ba ta sha ba. Tun ranar da muka zo ta zubar. Bari in faɗa musu."

"Sirrinta ne, ba naka ba. In ka faɗa a nan, ita za ta kwana da abin da zai biyo baya, kai kana makaranta." Ya ɓare goro ya ba shi rabi. "Ka dubi Jumare."

Dattijon na zaune can gefe. Yaron Mai Gora ya kai masa gora har gabansa, ya girgiza kai, ya kawar da fuska.

"Mutum ɗaya," in ji Tukur.

"Da yayarka, biyu. Da kai, uku. Ni aji nake da shi, ba kasuwa ba. A hankali ake yi."

Da la'asar, bayan maza sun watse, Tukur ya shiga yi wa yayarsa sallama. Ɗakin cike da mata da ƙamshin kunun kanwa. Zulai na zaune a kan gado da jaririn, Bilki na tsugune a ƙofa tana wanke kwanonin baƙi tun safe, ba wanda ya tuna ya ba ta nama. Wata yarinyar mace mai suna Ummuhani, matar maƙwabcinsu, ta durƙusa a gaban gadon. Cikinta ya fito, 'ya'yanta biyu mata na riƙe da zanenta.

"Yaya Zulai, don Allah in akwai ragowar naki, ki taimaka mini. Mu ba mu da akuyar bayarwa. Ya ce in na sake..." Ba ta ƙarasa ba.

Zulai ta dubi matan da ke ɗakin. Cikinsu har da ƙanwar Lado. Tukur ya ga ta gyara riƙon jaririn.

"Ummuhani, ban sha ba," in ji ta, da muryar da kowa zai ji. "Wanda na sha da farko, kusan kashe ni ya yi. Na tuttular da shi a bayan rumbu tun cikin nan yana wata shida. Ruwan randa na yi ta sha. Yaron nan Allah ne ya ba ni, kamar yadda ya ba ni yayyensa. Kada ki sa wannan abin a cikinki."

Sai wata tsohuwa ta taɓe baki.

"Ji rowa. Ta samu nata, ba ta son wata ta samu."

"Wallahi, Inna, gaskiya na faɗa."

"To, mun ji."

Ƙanwar Lado ta tashi ta fita ba ta yi sallama ba. Hira ta koma kan wani abu. Ummuhani ta yi godiya a sanyaye, ta ja 'ya'yanta ta fita.

Tukur ya yi sallama, Zulai ta riƙe hannunsa ta ce ya gaishe mata da Malam, ya ce masa ta gode. Ya fito tsakar gida, ya yanki tsoka daga rabon da aka ba shi ya miƙa wa Bilki. Har ya kai bakin zaure sai ya ji motsi a bayan rumbu, ya leƙa.

Ummuhani ce a durƙushe. Ta sami wurin, inda ƙasa ta yi baƙi, ciyawar damina ta tsiro ko'ina ta bar shi fili. Tana kankarar ƙasar da bakin ludayi, tana tarawa a gefen mayafinta, 'ya'yanta biyu na tsaye suna yi mata gadi.